Yadda Ake Haɗa Waƙar Soyayya a Situdiyo

Waƙar soyayyar da kake ji tana tashi daga cikin adaidaita sahu ko a gidan biki, da kari take farawa tun kafin a rubuta ko baiti ɗaya. Mawaƙi zai shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos da ɗan sautin da ya wuni yana rerawa ƙasa-ƙasa, sau da yawa ba shi da komai a hannu sai amshi. Ya zauna kusa da makaɗi ya rera masa. Shi kuwa makaɗin sai ya ɗora yatsu kan fiyano yana lalube, har ya gano inda muryar ta fi zama daidai. Daga nan ya sa ganga, ya kawo sarewa, ya ƙara goge, duk daga cikin na'ura guda.

Da ba haka abin yake ba. Mamman Shata sai da makaɗan kalangu da 'yan amshi, Ɗanmaraya Jos kuma shi da kuntiginsa, kuma galibin waƙoƙinsu yabo ne da sana'a da hannunka-mai-sanda kan zaman duniya. Soyayya ta fi zama a bakin 'yanmata a dandali. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, finafinan bidiyo suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyi, kuma da fim irin Sangaya ya yi kasuwa sai 'yan kasuwa suka gane waƙa ce ke sayar da kaset. Irin waɗannan waƙoƙin fim su ake kira nanaye.

Idan kiɗa ya kammala sai a ɗora murya. A nan ne gwanintar take. Amshi dole ya zama gajere, wanda ko yaro zai riƙe da ji ɗaya. Baitoci kuwa suna tafiya bisa ƙafiya, wato kowane layi ya ƙare da sauti iri ɗaya, kuma nan ne ake bambance mawaƙi da mai neman kuɗin cefane. Wani don ƙafiya ta zauna sai ya cusa kalmar da ba ta da hurumi a wajen. Gwani kuwa zai sa ka zaci babu wata kalma a Hausa da ta dace da gurbin sai wadda ya sa. Shi ya sa har yanzu ake girmama alƙalamin mawaƙi Nura M. Inuwa.

Sai kuma muryar mace. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar masa. Ya roƙa, ta ja aji. Ya rantse, ta sakko kaɗan. Wannan musayar akwai hannun finafinan Indiya a cikinta, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a sinima, amma duk wanda ya taɓa zuwa zance ya san ta tun a zaure. Zabiyoyi irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun ɗauki nauyin waƙoƙi masu yawan gaske, alhali fuskar da jama'a suka sani ta jarumar da ta yi mamin ce a fim. A ganina ba a ba su haƙƙinsu na yabo ba.

Me ya sa waƙoƙin ke kama zuciya haka? Kunya ce. A al'adar da mace ba ta kiran sunan mijinta, saurayi kuma zai yi awa guda a wajen taɗi bai furta abin da ya kawo shi ba, waƙa ce ke aikin ɗan aike. Sai a tura wa mutum ita ta waya, ta faɗi abin da baki ya kasa. Dubi waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona: matan aure suka riƙa taka rawarta a gaban mazajensu, wasu suka saka bidiyon a intanet, aka yi ta muhawara a kai.

Masu sukar raye-rayen da ke biyo waƙoƙin suna da hujjarsu, kuma tun 2001 Kano take da hukumar tace finafinai. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Yanzu kwamfuta na gyara muryar da ta karkace, TikTok kuma daƙiƙoƙi kaɗan yake buƙata, sai mawaƙa suka koma ƙawata amshi suna sakaci da baiti. Ina roƙon matasan mawaƙanmu su koma su zauna da alƙalami, domin amshi kaɗai ba ya riƙe waƙa ta shekara goma.