Tsarkin Tsofaffinmu: Wace Na'ura Ta Dace?

A kowane Zango, daga Nima har Kumasi da Tamale, ba a rasa gidan da ake jinyar tsoho ko tsohuwa. Ranar da ta fi yi musu ciwo ita ce ranar da hannu ya kasa riƙe buta, sai ɗa ko suruka ce za ta yi musu tsarki. Mun san kunyar Bahaushe. Mun ga tsofaffin da suka rage ci da sha don kada su nemi a kai su bayan gida, har da masu jinkirta salla don gudun kiran wani.

To, akwai na'urorin tsarki da za su rage wannan nauyi, kuma iri huɗu ne.

Na farko kwano ne da ake kafawa gefen masai, asalinsa daga Faransa. Bai dace da majinyaci ba, domin sai ya tashi ya sake zama, kuma a nan ake faɗuwa.

Na biyu ɗan tiyo ne mai feshi, irin wanda alhazanmu suka sani a Makka. Yana da araha, amma sai mai ƙarfin yatsu, wanda kuma zai iya karkata jikinsa. Mai rawar hannu zai jiƙa ƙasa kawai.

Na uku ana ɗaura shi ƙarƙashin mazaunin masai, da ɗan abin murɗawa a gefe. Ba ya bukatar lantarki, amma ruwansa sanyi ne.

Na huɗu mazauni ne mai aiki da lantarki, irin Washlet da kamfanin Toto na Japan ya fitar a 1980. Yana ɗumama ruwa, ya wanke, ya busar da iska. Shi ya fi taimakon wanda hannuwansa suka raunana, shi ne kuma mafi tsada.

Kafin a fitar da kuɗi, mu duba abu uku. Wane hannu ne ke aiki? In ɓarin dama ne ya shanye, na'urar da madanninta ke dama ba ta da amfani, sai a nemi mai rimot. In kuwa hagu ne ya shanye, a tambayi malam, domin lalura tana da hukuncinta. Yaya ruwan gidan? Na biyu da na uku da ƙarfin famfo suke feshi. In tankin bai yi sama sosai ba, ɗigo kawai za a gani. Yaya wuta? Na huɗu sai da soket mai wayar ƙasa, nesa da ruwa, kuma gwani ne zai haɗa. A ajiye buta saboda ranar ɗaukewar wuta.

Gidajenmu da dama ba su da masan zama, wasu ma na haya ake zuwa. A nan kujera mai fo a ƙasa ta fi, tare da gorar matsawa mai lanƙwasasshen baki.

Sai gargaɗi. Mai ciwon sukari ba lallai ya ji zafin ruwa ba, don haka a fara gwadawa da hannu. Ga mata, a wanke daga gaba zuwa baya saboda ciwon mafitsara. A busar da jiki sosai, musamman ga mai yawan kwanciya, domin danshi yana taimaka wa gyambo. A kafa ƙarfen dafawa a bango, kada kuma a bar santsi a ƙasa.

Daga ƙarshe, a shawarci tsohon da kansa, ko ta bakin wanda ba ya jin nauyinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba mu ikon rufa wa iyayenmu asiri, amin.