Idan mota ta rasa ƙarfi, kada a yi gaggawar buɗe inji

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mafi yawanmu ba mu da mota. Amma wakenmu da hatsinmu da awakinmu a mota suke zuwa kasuwa. In haihuwa ta yi wa mace wuya da dare, mota ce ke kai ta asibitin Dogondutsi. Don haka lafiyar mota ta shafe mu duka.

A kakar 2024 na shiga wata tsohuwar Peugeot mai buɗaɗɗen baya daga Matankari zuwa Dogondutsi. Tana ɗauke da buhunan wake da raguna biyu. Ba mu yi nisa ba sai ta fara tari. Tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, baƙin hayaƙi na fita ta salansa. Duk inda yashi ya yi yawa sai mu sauka mu tura. Kafin mu isa, masu sayen dabbobi sun gama ciniki. Mai raguna ya sayar da hasara.

A tasha aka ce wa mai motar injinsa ya mutu, sai an sauke shi an buɗe. Kuɗin da aka faɗa masa ya kai kuɗin sa. Sai wani tsohon bakanike ya ce a dakata. Ya cire matacin iska. Ga shi ja wur, ƙura ta toshe shi. Ya sa sabo, ya goge buji, ya tsiyaye man da ke ƙasan tanki a cikin kwalba. Ruwa ya kwanta a gindin kwalbar. Ran nan motar ta koma Matankari ba wanda ya tura ta.

Abin da tsohon ya sani shi ne wannan. Injin fetur yana rayuwa da abu uku: iska, mai da wuta. In ɗaya ya ragu, ƙarfi ya ragu. Kuma ukun nan duba su ba ya cin kuɗi mai yawa.

A fara da iska. Kafin inji ya ƙone lita 1 ta fetur, sai ya shaƙi wajen lita 9,000 ta iska. Ku tuna irin iskar da muke da ita a Arewa lokacin hunturu, da ƙurar hanyoyinmu. Duk wannan ƙura a mataci take tsayawa. In ya toshe, inji ya zama kamar jakin da aka ɗaure wa hanci. Yana shan mai da yawa, yana fitar da baƙin hayaƙi, ba ya ja. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man da ke ƙetaro iyaka ya yi tsada. Motar da ke shan mai a banza, mu fasinja ne ke biya.

A nan ne wasu direbobi ke yin babban kuskure. Sukan cire matacin su jefar, su ce mota ta samu numfashi. Gaskiya ne, za ta yi gudu kwana kaɗan. Amma yashi zai shiga ya riƙa goge fistan da zobbansa, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. To wannan shi ne injin da zai mutu da gaske. Matacin takarda ba a wanke shi da ruwa. A kakkaɓe shi a hankali. In ya yage ko ya tsufa, a sake.

Sai mai. Da yawa a kwalba muke saye a bakin hanya. Ya bi jarka da duro kafin ya zo, kuma tsatsa da ruwa na iya shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa. Ka ɗaga kwalbar wajen haske kafin a zuba, kuma a tace da tsumma mai tsabta. In mota tana tafiya lafiya a shimfiɗe amma tana shaƙewa a hawa, a duba matacin mai da famfonsa. Kada yaron mota ya zuƙo fetur da baki, yana iya shiga huhu. Kada kuma a kusanto da fitilar kananzir ko taba.

Na uku wuta. Buji ne ke kunna mai a cikin inji. Mota mai buji huɗu, in ɗaya ya daina aiki, sai ta yi ta girgiza kamar saniya mai ɗingishi. A bar inji ya huce, a kwance su, a dubi bakinsu. In launin ƙasa ne kuma a bushe, lafiya lau. In baƙi ne mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya jiƙe da baƙin mai, to zobba sun fara cinyewa. A duba wayoyin buji ma, zafi yana tsattsaga su. Motar gazuwal ba ta da irin wannan buji. Ita an fi samun cutarta a matacin mai, ko iska ta shiga bututu.

Wani lokaci laifin ba na inji ba ne sam. In ka taka mai, inji ya yi ƙara amma mota ba ta ƙara gudu ba, kuma kana jin ƙauri, kuloci ne ya cinye. In taya ɗaya ta fi sauran zafi, birki ne ya riƙe. In kuwa an ɗora buhu ashirin inda ya kamata a ɗora goma, wannan ba aikin bakanike ba ne.

Akwai alamu da ba a wasa da su. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa, yana nufin ruwa na shiga inji. In allurar zafi ta hau ja, a tsaya nan take, kuma kada a buɗe lagireto sai ya huce. Waɗannan sai gareji. Haka ma sababbin motoci marasa kafireto. Su kwamfuta ce ke raba musu mai. In fitilar inji ta kunna a gaban direba, a kai wurin mai na'urar bincike, kada a yi ta kwance-kwance da ka.

Mai babur, da mai injin ban ruwa a lambu, da mai injin niƙa, wannan magana taku ce ku ma. A ajinmu na yaƙi da jahilci na ba yaran mota biyu shawara su ajiye ƙaramin littafi. Su rubuta ranar da aka sake mataci, da ranar da aka juye baƙin mai, da wurin da aka sayi fetur. Ɗayansu ya riga ya cika shafi uku.