Kuɗin Lodi: Hannu Nawa Yake Ratsawa Kafin Ya Iso Ga Mai Mota?

Duk wanda ya san bakin gadar Gaya kafin shekarar 2023 ya san layin manyan motocin da ke tsallakowa daga Malanbil, maƙare da shinkafa da sukari da man girki, sun nufi Doso da Yamai da Maraɗi. Mai kallo daga gefen titi yakan ɗauka cewa mai irin wannan mota ya yi sallama da talauci. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Da yawa daga cikin motocin nan na mutum ɗaya ne mai mota ɗaya tak, tsohuwa ya saye ta, wataƙila ma da sauran bashi a kanta. Kuma a duk cikin masu cin abinci a jikin lodin nan, shi ne na ƙarshe da kuɗi ke isa hannunsa. Ɗan Dioundiou ko Karakara ko Zabori da ke shirin sayar da gona ko shanu don ya sayi babbar mota, ya kamata ya san hanyar da kuɗin ke bi tun kafin ya miƙa ko dala.

Babban ɗan kasuwa da kayansa suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ba ya fita neman direba da kansa. Yana da wakili mai fitar masa da kaya daga hannun duwan, kuma wakilin nan ya fi son hulɗa da kamfani mai rajista da inshora, wanda za a iya kamawa in kaya sun salwanta. Shi ya sa mai mota ɗaya yake shiga inuwar wani kamfanin sufuri ko ƙungiya. Mota tasa ce, gyara nasa ne, taya tasa ce, amma sunan da ke kan takarda na kamfanin ne. Tsakanin wakili da kamfani kuma ga ɗan kamasho, wanda ya san inda kaya suke da inda mota take, ya haɗa su ya ɗauki la'adarsa. Wani lokaci ba ɗaya ba ne, biyu ne ko uku, wannan ya sayar wa wancan labarin lodi.

A hanyar Kwatano akwai wani ƙarin mataki. Yarjejeniyar Nijar da Benin ta raba kayan da ke wucewa zuwa Nijar gida uku: biyu na motocin Nijar, ɗaya na motocin Benin. CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, ce ke wakiltar ƙasar a wannan sha'ani, ƙungiyoyin masu motoci kuma sun daɗe suna tafiyar da lodi bisa layi, wanda ya riga zuwa ya riga ɗauka. Tsarin ya ba ƙaramin mai mota kariya, gaskiya ne. Amma jira yana da tsada, kuma inda duk aka yi dogon layi, sai an sami mai sayar da hanyar tsallake shi. Wani binciken Bankin Duniya da aka buga a 2009 ya nuna cewa irin wannan rabo da layi na cikin abubuwan da ke sa kuɗin dako ya yi tsada a Afirka ta Yamma, alhali motocin tsofaffi ne, tafiyarsu a shekara kuma kaɗan ce.

To, yaya biyan yake? Kusan kullum kashi biyu ne. Akwai kafin alƙalami da ake bayarwa ranar lodi, wanda galibinsa kan tafi a man gazuwal da kuɗin hanya: abincin direba da yaron mota, kuɗin titi, da abin da ake miƙawa a shingayen jami'ai, wanda ba shi da rasit. Sai ciko, wanda ba ya fitowa sai an sauke kaya, mai karɓa ya ƙirga ya sa hannu a takardar lodi, takardar ta koma ga wanda ya ba da aikin. A cikin cikon nan ne ribar mai mota take, kuma a cikinsa ne kowa ke yanka. In buhu ya jiƙe ko ya ɓace, daga nan za a cire. In kwantena ta wuce kwanakin da kamfanin jirgi ya ɗiba mata, tarar tana iya biyowa ta nan. In an yi wa mota lodi fiye da ƙima aka kama ta a ma'auni, nan ma rigima ce, domin dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Mai kaya ne ya ci moriyar ƙarin nauyin, amma taya da sifirin na mai mota ne suka sha wuya.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce mai kaya ya biya sefa miliyan ɗaya. Ɗan kamasho ya zo wa kamfani da maganar jaka 900. Kamfani ya ce wa mai mota an yi ciniki a kan jaka 850, kuma zai cire kashi goma cikin ɗari na sunansa da takardunsa. Mai mota yana murna an ba shi kashi casa'in, bai san casa'in ɗin me aka ba shi ba. A ganina nan ne cutar take. La'ada halak ce, ɗan kamasho ya yi yawo ya yi waya, kamfani ya ɗauki alhakin kaya. Abin da ba daidai ba shi ne a raba riba da mutum a kan adadin da aka ɓoye masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka akwai dubban masu mota ɗaya da ke aiki ƙarƙashin sunan manyan kamfanoni, dillalai na samo musu kaya. Dokar tarayya a can ta ce dole yarjejeniyar ta zama a rubuce, a biya mai mota cikin kwana 15 bayan ya miƙa takardun sauke kaya, a bayyana duk abin da za a cire masa tun farko, kuma in da kaso ake biyansa, a ba shi kwafin takardar da ke nuna ainihin kuɗin dakon. Kuɗin ajiya da kamfani ya riƙe, a mayar masa cikin kwana 45 bayan sun rabu. Duk da haka direbobinsu na kukan cewa dillalai na sa a yafe haƙƙin ganin takarda kafin su ba da lodi.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Nijar da Benin duk suna cikin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci, wadda ta kafa dokar jigilar kaya ta mota a 2003. Dokar ta ɗora wa mai dako alhakin kaya daga karɓa zuwa miƙawa, ta kuma ba shi damar riƙe kaya har a biya abin da takardar lodi ta nuna. Sai dai wannan dama ta wanda sunansa ke kan takarda ce. Wanda ya shiga inuwar wani da baki kawai, ba shi da abin nunawa ran da aka yi gardama.

Sannan ga dawowa. Daga Kwatano zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, kuma abin da Nijar ke turawa gaɓar teku, kamar albasa da wake, bai kai yawan abin da ke shigowa ba. Motar da ta gangara wayam, lodi ɗaya ne zai biya man tafiya biyu. Ko a lodin cikin gida, kamar raken Dioundiou da ake kaiwa kasuwanni, wanda bai sa dawowa a lissafi ba ya yi wa wani aiki.

Rufe iyaka ya tona wannan duka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS, motoci sun yi watanni a tsaye a Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Wanda bai sauke kaya ba bai ga ciko ba, bashin mota kuwa bai tsaya jiransa ba.

Don haka, ɗan'uwa mai mota, kafin buhun farko ya hau, ka nemi a nuna maka kuɗin da mai kaya ya biya. A rubuta nawa ne kafin alƙalami, nawa ne ciko, wa zai biya shi kuma yaushe, wa ke da tarar ma'auni, wa ke da kwanakin jira a iyaka. Ka ɗauki hoton takardar lodi da wayarka bayan mai karɓa ya sa hannu. Shugabannin ƙungiyoyin masu motoci na Gaya da Doso kuma, don Allah ku sa wannan ya zama sharaɗin lodi a tashoshinku.