Jirgin Ruwa Mai Tafiya Gaba da Iska

Kun san kwale-kwalen da masunta su ke turawa da gora a Kogin Kwara, kun kuma ji labarin manyan jiragen ruwa masu inji. To, akwai kuma wani irin jirgi wanda iska ce kaɗai ta ke tura shi. A tsakiyarsa an kafa wata doguwar sanda mai kama da jigon lambu, an ɗaura mata manyan ƙyallaye masu ƙarfi guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Waɗannan ƙyallaye su a ke kira filafilai. A ƙasashen bakin teku, kamar su Ingila da Faransa da Ostareliya, mutane suna tsere da irin waɗannan jirage, kamar yadda mu ke sukuwa da dawaki.

In iska tana busowa daga baya, tafiya ba ta da wuya, sai a saki filafilai su cika, jirgi ya yi ta gudu. Amma iska ba ta shawara da matafiyi. To, yaya za a yi in wurin da a ke so a je daga can ne ta ke fitowa?

Babu jirgin da ke iya fuskantar iska kai tsaye. In an gwada, sai filafilai su yi ta kaɗawa kamar tuta, jirgi ya tsaya cik. Saboda haka sai matuƙi ya ɗan kauce. Ku ɗauki takarda, ku ninke kusurwarta biyu daidai. Wannan rabin kusurwa, watau digiri 45, kusan ita ce iyakar yadda yawancin jirage su ke iya matsawa wajen iska. Sai a yi tafiya iska tana bugun jirgi ta hannun dama, in an jima a juya, ta koma tana bugunsa ta hagu, haka haka har a isa. Kun taɓa ganin jaki mai kaya yana hawan tudu? Ba ya miƙewa sak, sai ya ratsa nan ya ratsa can. Haka jirgin ya ke yi. Tafiyar mil 10 ta kan zama wajen mil 14, amma ai hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Watakila ku ce, me ya hana iska ta tura shi gefe? Ga dalili. A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan allo mai nutso cikin ruwa, an sa masa dalma ko ƙarfe don ya yi nauyi. Sa'ad da aka ja filafili aka tsuke shi, sai ya lanƙwasa kamar fiffiken tsuntsu. Iska tana tura shi gefe da ƙarfi, tana kuma jansa gaba kaɗan. Allon nan kuwa ya hana jirgi zamewa gefe, don haka ba shi da mafita sai gaba. Ku matsa ɗan kabewa mai santsi tsakanin yatsu biyu, za ku ga ya kuɓuce ya yi gaba. Iska yatsa ɗaya ce, ruwa kuwa ɗaya.

Duk wannan da sauƙi muddin iska tana da hankali. Ran da ta yi fushi, ranar a ke gane gwanin tuƙi. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ta ke danna filafili da shi ya kan ninka huɗu. Sai jirgi ya karkata, gefe ɗaya ya nutse cikin ruwa, ɗaya ya tashi sama. Wanda bai sani ba sai ya ce ai yanzu ne gudu ya yi kyau. Ina! Jirgin da ya karkata ƙwarai zamewa gefe ya ke yi, ya kan ƙi bin umarnin matuƙi, ya juya kansa wajen iska kamar doki mai tutsu. Wanda ya ke kusa da tsaye shi ne mai sauri.

Akwai dabaru huɗu na tsai da shi. Na fari, a ja igiyoyi a ɗame filafilai, cikinsu ya lafe, don kada su tara iska da yawa. Na biyu, a rage su. Babban na baya, sai a sauko da shi kaɗan, a naɗe gindinsa a ɗaure. Na gaba kuwa a cire shi a sa ƙarami. Gwanaye su kan yi wannan aiki tun hadari yana nesa, domin in iska ta riga ta iso, ƙyallen ya kan yi ta fizga har ya fi ƙarfin mutum. Mai ƙin rage filafili don son ya wuce abokan tsere, shi ya kan koma baya, ko ƙyallensa ya yage, ko sandarsa ta karye. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, duk wanda ba shi da aiki a hannu sai ya hau gefen da ya tashi sama, su zauna jere, ƙafafu a waje, nauyinsu ya danne jirgi. Can su ke zama sa'o'i da yawa, ruwan gishiri mai sanyi yana watso musu a fuska. Na huɗu, a sa mutum ɗaya ya zura wa ruwa ido. Iska ba ta zuwa daidai wa daida, bugu-bugu ta ke zuwa, kuma kafin bugu ya iso a kan ga fuskar ruwa ta yi duhu. Da ya hango sai ya ɗaga murya ya faɗa. Mai riƙe da igiyar babban filafili ya sassauta kaɗan, iska ta zube, in ta wuce ya sake ja. Shi kuwa matuƙi yana lura da raƙuman ruwa. Ya kan hau kowane raƙumi a hankali, in ya kai tozo ya ɗan kauce, don kada jirgi ya faɗo tim ya rasa gudunsa.

Lokacin juyawa shi ne ya fi hatsari. Sarkin jirgi ya ce a shirya, kowa ya amsa. Sa'an nan ya juya kan jirgi ya ratsa iska. Wannan ya saki igiya, wancan ya ja, saura su sunkuya, domin akwai sanda a gindin babban filafili wadda ta ke wucewa bisa kawunansu, su rarrafa su koma ɗaya gefen. In mutum ɗaya ya yi nawa, sai jirgi ya tsaya fuska da iska, raƙuman ruwa su yi ta tura shi baya. Don haka murya ɗaya a ke bi, ba gardama. Kowa kuma yana sanye da rigar da ke hana nutsewa, ya ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi.

Kada ku zaci wannan shiri duk na neman kyauta ne kawai. Akwai wani babban tsere da aka fara a shekarar 1925. A kan tashi daga garin Cowes a kudancin Ingila, a kewayo wani dutse mai suna Fastnet kusa da ƙasar Ayalan, sa'an nan a juyo. A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka shiga, za su yi tafiyar wajen mil 600. Suna tsakiyar teku sai wata muguwar iska ta auka musu da dare. Jirage 5 suka nutse, mutum 15 cikin masu tsere suka rasu, waɗanda suka kai ƙarshen tsere kuwa ba su cika jirage 90 ba. Waɗansu sun bar jiragensu sun shiga ƙananan jiragen roba na ceto, suka halaka, daga baya aka tarar da jiragen da suka bari suna nan bisa ruwa. Bayan wannan aka tsananta dokoki. Aka ce dole kowane jirgi ya riƙe rediyo da ƙananan filafilai na ranar hadari, mutanensa kuma su zama sun saba da teku kafin a yarda su shiga.

Kun ga ashe ba da ƙarfi a ke cin iska ba. Da kaucewa a ke cin ta, da rage kaya tun da wuri, da jin maganar shugaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Don me jirgi mai filafilai ba ya fuskantar iska kai tsaye?
2. Mene ne amfanin allon da ke ƙarƙashin jirgi?
3. Faɗi dabaru huɗu na hana jirgi karkata.
4. Me ya faru a tseren Fastnet na 1979?