Mai da kitse a magudana: bayani ga masu sana'ar abinci da makwabtansu

Wannan bayani na iyayenmu mata ne masu tuyar ƙosai da awara, da masu gidajen abinci, da mahauta, da masu shayi, da duk wanda ke zaune kusa da rumfunansu. Da yawa daga cikinmu da wannan sana'a muke ciyar da gida tun da muka baro garuruwanmu. Magudana ɗaya idan ta toshe, tana iya kashe ciniki, ta kuma jawo ciwo ga unguwa guda.

Me ke toshe magudana?

Mai ba ya haɗuwa da ruwa. Yayin da ake wanke tukunya da ruwan zafi, man gyaɗa ko manja ko Diamaor yana bin ruwan kamar ya tafi. Da ya yi 'yar tafiya sai ya huce, ya manne a jikin fayif ko kwata. Kitsen shanu da na tumaki ya fi saurin daskarewa, musamman lokacin hunturu. Sai yashi, da ƙwayar shinkafa, da ganyen shayi, da leda su zo su liƙe a kansa. Kullum hanyar tana ƙara tsukewa, har ranar da ruwa zai rasa wajen wucewa ya dawo baya.

Wannan matsala har manyan birane tana damu. A 2017 an tarar da dunƙulen kitse da tsummoki mai nauyin kusan tan 130 a magudanar ƙarƙashin ƙasa a birnin Landan na Ingila. A nan Mora muna da ƙarin wahala guda biyu. Garin yana gindin duwatsun Mandara, saboda haka ruwan damina yana saukowa da ƙarfi ɗauke da yashi. Kuma inda ƙasa baƙar laka ce, irin wadda ake kira karal, ba ta shan ruwa da sauri, sai ya kwanta. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwa, wanke-wanke yana ninkuwa.

Ina haɗarin yake?

Ruwan da ya dawo baya yakan haɗu da na masai. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan abinci. Yara su taka, su sa hannu a baki. Ta haka kwalara da zawo da taifot suke yaɗuwa. Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2022 kwalara ta ɓulla a sansanin Minawao kusa da Mokolo, hukumar HCR ta sanar da rasuwar mutum 3 a kwanakin farko. Kwantaccen ruwa kuma gidan sauro ne.

Rigakafi

Na farko, kafin a wanke tukunya ko kasko, a goge maiƙon da toka ko dusa, a zuba a ramin shara. Kada tokar ta shiga kwata.

Na biyu, tsohon man suya a bar shi ya huce, a tara a gwangwani ko jarka. Yana da amfani wajen hura wuta.

Na uku, a sa rariya ko guntun raga a bakin magudana domin tare ragowar abinci.

Na huɗu, duk rumfar da ke wanke-wanke da yawa ta yi tarkon mai. A sami rabin duro ko babban bokiti mai murfi. A huda shi kusa da baki, nan ne ruwan wanke-wanke zai shiga. A ɗaya gefen a yi wata huda ƙasa kaɗan da ta farko, a sa fayif mai gwiwa wanda bakinsa ya kalli ƙasa ya nutse har tsakiyar ruwan. Mai zai taso sama, yashi da abinci su kwanta a ƙasa, ruwan tsakiya kaɗai zai fita. A riƙa kwashe man da ludayi kowace yamma. Idan mai da laka suka cinye kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin duron, lokacin wanke shi gaba ɗaya ya yi.

Na biyar, ruwan da ya fito daga tarkon a kai shi ramin da aka cika da duwatsu domin ƙasa ta tsotse. Kada a juya shi cikin masai, domin zai cika ramin kafin lokacinsa, ya kuma zaizaye bangonsa. Ramin tsotsa da masai su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa.

Na shida, leda, tsumma, kunzugu da famfas na yara ba a jefa su a masai. Idan saura rabin mita rami ya cika, a daina shiga, a sanar.

Idan ta riga ta toshe

A dakatar da zuba ruwa nan take, a ɗauke abinci daga wurin, a hana yara zuwa. Mai aikin ya sa takalmin roba da safar hannu. A fara buɗewa daga ƙarshen da ruwa ke fita, da doguwar waya ko sanda, ana janyo dattin waje maimakon tura shi ciki. Abin da aka kwaso a binne shi, kada a tara shi a bakin kwata ruwan sama ya mayar. Ruwan zafi yana taimakawa idan toshewar ƙarama ce kawai. Idan babba ce, gaba yake tura kitsen ya sake daskarewa a inda hannu ba ya kai.

Kada a zuba ruwan batir ko soda, suna ƙona fata da ido. Kada a gauraya ruwan Javel da wani sinadari, hayaƙinsa yana shaƙe mutum. Bayan an gama, a wanke wurin da ruwan Javel bisa awon da ma'aikatan tsafta suka nuna, a wanke hannu da sabulu.

Muna roƙonku da babbar murya: kada kowa ya shiga cikin ramin masai ko rufaffen rami, kuma kada a ba yaro ko almajiri kuɗi ya shiga. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi domin ceto shi ma yakan faɗi. Wanda ya ga an sa yaro wannan aiki ya gaya wa ma'aikatan kariya, ba za a bayyana sunansa ba.

Idan ruwan masai ya malalo, a sanar da bulama ko kwamitin tsafta a ranar. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta, a garzaya da shi asibiti yana sha a hanya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa makwabcinsa. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a sana'armu.