Tarihin Ma'aikatar Tumatir ta Ikara

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano a watan Fabrairu ko Maris ya ga kwandunan tumatir jere a bakin titi, ya kuma ga wanda aka yanka aka shanya a ƙasa don a yi kauɗa, ja wur har iyakar ganin ido. Amma ga abin mamaki. In ka leƙa kicin ɗin makarantarmu, da tumatirin gwangwani ake yi mana miya, kuma yawancin irin wannan tumatir daga ƙasashen waje asalinsa yake. To, yaya aka yi haka? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami in ba ku tarihin wata ma'aikata da gwamnati ta kafa don maganin wannan al'amari, watau Ma'aikatar Tumatir ta Ikara.

Ikara gari ne a ƙasar Zazzau, arewa maso gabas da Zariya, kusa da iyakar Jihar Kano. Mutanen wannan yanki manoma ne ƙwarai. Da damina su noma masara da dawa, da rani kuwa su sauka fadama su yi lambun tumatir da attarugu da albasa. Matsalarsu ita ce tumatir ba ya jira. In ya nuna, kwana kaɗan ne ya ruɓe. Ga shi kuwa kowa lokaci ɗaya yake tsinka, sai kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi warwas. Wanda aka loda a mota zuwa Ikko kuma, kafin ya isa kasuwar Mile 12 na ƙasan kwando ya dagargaje.

A shekarar 1979 aka koma mulkin farar hula, aka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama Gwamnan Jihar Kaduna. A lokacin nan jihar ta haɗa har da Katsina, domin sai a 1987 aka raba su. Gwamnatinsa tana da ra'ayin a kai masana'antu ƙauyuka, kowane yanki a ba shi wadda ta dace da abin da yake nomawa, don kada samari su riƙa kwarara birni neman aiki. Da yake Ikara ƙasar tumatir ce, sai aka ba ta ma'aikatar sarrafa tumatir a shekarar 1981. A cikin watan Yuni na wannan shekara ne Majalisar Dokokin jihar ta tsige Gwamnan, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Bari in ɗan bayyana yadda irin wannan ma'aikata take aiki, domin sai an san haka za a gane abin da yake kayar da ita. Da farko akan zuba tumatir a ruwa a wanke, a tsince ruɓaɓɓu da ɗanyu. Sa'an nan inji ya markaɗa, a dafa, a tace a fitar da ɓawo da 'ya'ya. Daga nan sai babban aiki, watau ƙone ruwan. Tumatir kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin 100. Saboda haka sai an zuba kamar kilo 6 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na mai kauri. Bayan haka a ɗura a gwangwani ko a ganga, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Kun ga ke nan injin nan babban maciyi ne. Yana son tumatir mota-mota kowace rana, da ruwa mai tsabta, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa.

To, a nan gizo yake saƙar. Kakar tumatir wata uku ce ko huɗu. Sauran watanni inji yana zaune, ga ma'aikata suna jiran albashi. Har ila yau akwai rigimar farashi. In tumatir ya yi araha, manoma su yi ta tururuwa zuwa ma'aikata. In ya yi tsada kuwa, su sayar wa 'yan gwari masu kaiwa kudu, domin sun fi biya. Ba kuwa za a ga laifin manomi ba, don shi ma iyali gare shi. Sa'an nan amfanin da ake samu a gonakinmu kaɗan ne. Manominmu da ƙyar yake samun tan 10 a hekta ɗaya, alhali a Kalifoniya ta ƙasar Amurka ana samun wajen tan 100. Wanda ya girbi da yawa shi ne zai iya sayarwa da araha bai yi hasara ba.

Ana cikin haka sai kuɗin man fetur ya faɗi a duniya, aljihun gwamnati ya yi sanyi. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta karye, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsadar gaske. Masana'antun gwamnati da yawa suka durƙushe. Ta Ikara ma ba ta tsira ba. Aka kulle ƙofa, ta yi fiye da shekara 20 ba ta aiki, tumatirin gwangwani na Italiya da na Sin ya cika kasuwanninmu.

A shekarar 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, gwamnatin jihar ta ba wani kamfani mai suna Springfield Agro hayar ma'aikatar. Aka gyara injuna, aka tayar da su, manoma suka yi murna. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. A shekarar 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta auka wa lambuna. Takan shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki, har ta huda 'ya'yan, cikin 'yan kwanaki lambu ya bushe kamar an sa masa wuta. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Ita ma babbar ma'aikatar Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda aka gina don ta ci tan 1,200 a rana, sai da ta tsaya a wannan shekara saboda rashin tumatir. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙara kuɗin fito na markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, don a kare na gida.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da wannan? Ni dai da ruwana. Mahaifina mai lambu ne, da kuɗin tumatir ake saya mini littattafai da sabulu da kuɗin mota. Akwai shekarar da na je hutu na tarar an tsinko kwanduna an rasa mai saye, har suka fara zubar da ruwa, aka juye wa awaki. A wannan zango sai da na makara mako biyu ban dawo makaranta ba. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne a cikinmu.

Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne, gina ma'aikata bai isa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dole a fara da gona: iri mai kyau, da taki, da ruwan ban-ruwa, da malaman gona masu zagayawa. Dole kuma ma'aikata da manoma su shirya kan farashi tun kafin a dasa, kowa ya cika alkawari, ko kasuwa ta hau ko ta sauka.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu raina darasin aikin gona da na kimiyya. Injin nan na Ikara yana bukatar injiniyoyi, lambunan iyayenmu kuma suna bukatar masana. In ba mu ba, wa zai yi? Allah ya ba mu ikon amfanar ƙasarmu, amin.