Manhajar Gini: Yadda Ake Harhaɗa Shafin Intanet

Abin da mai rubuta manhaja ya rubuta a kwamfutarsa ba shi ne ke isa wayar jama'a kai tsaye ba. Shafin intanet guda, irin na banki ko na saye da sayarwa, yakan ƙunshi ɗaruruwan fayiloli, wasu na JavaScript, wasu na launi da fasali, ga kuma hotuna. Kafin a ɗora shi sai an harhaɗa su, an cire bayanan da na'ura ba ta buƙata, an rage nauyin hotuna, sannan a gwada ko wani abu ya lalace. Rage nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai buɗe shafi da datar da ya saya da kuɗinsa. Manhajar gini ita ce ke yin duk wannan aiki da umarni ɗaya.

Dabarar ta girmi shafukan intanet. A 1976 Stuart Feldman ya rubuta Make a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Make tana duba lokacin da aka yi wa kowane fayil gyara na ƙarshe, wanda bai canja ba ta ƙyale shi, ta sake sarrafa sauran kawai. Ant ta biyo baya a 2000 don masu aiki da Java. Da ayyukan JavaScript suka yi yawa sai ga Grunt da Gulp, sannan Webpack, wadda ke farawa daga fayil ɗaya ta bi sawun duk fayilolin da yake dogara da su har ta tattaro su. Vite, da Evan You ya fitar a 2020, takan jinkirta harhaɗawar har sai an zo ɗora shafin, shi ya sa mai rubutu ke ganin gyaransa nan take.

Sauri ake yawan yabawa, amma babban amfanin ya wuce nan. Matakan aikin suna barin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya su koma rubuce a cikin fayil, kusa da manhajar kanta. Sabon ma'aikaci ya zo, ko tsohon ya ajiye aiki, umarnin bai canja ba, kuma wata kwamfuta na iya gudanar da shi duk lokacin da aka shigar da gyara.

Sai dai ginin yakan jawo ƙananan manhajojin wasu mutane daga rumbun npm. A watan Maris na 2016 wani ya janye tasa mai suna left-pad, layi 11 kacal, sai gini ya tsaya cak a ayyuka masu yawa, har da wata manhaja mai suna Babel, sai da npm ta maido da ita. Don rage irin wannan dogaro ne ake ajiye fayil mai ƙayyade sigar kowace manhaja da aka aro, wasu kamfanonin kuma sukan adana kwafinsu a nasu rumbun.